Fayil ɗin Yaya Sani

Wani matashi da aka ɗauka aiki a ofishinmu bayan na bari ya tare ni a tashar Rogo, muka gaisa, ya ce, "Baba, ai ku kun ci bulus. Masinja me yake yi? Ɗauko takarda nan, ajiye ta can, wata ya ƙare a ba ka albashi." Mota ta cika, ban samu na ba shi amsa ba. Amsar ce wannan, gare shi da ire-irensa. Aji huɗu na yi a firamare aka mayar da ni gona, don haka kada wani ya nemi daɗin rubutu a wurina. Sunayen da zan ambata duk na canza su, ofishin ma ba zan faɗa ba. Za ku ga dalili yanzun nan.

Shekara talatin da huɗu na yi ina ɗaukar fayil ɗin mutane, kuma sunan da ke bayan nawa fayil ɗin ba sunana ba ne. Ni Iliya ne. Sani yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara bakwai. Shi ya gama firamare, shi aka ɗauka masinja. Bai cika shekara a aikin ba zazzaɓi ya kwantar da shi da damina, kwana uku ya rasu, ya bar mata da jaririya, Hauwa. Bayan sadakar bakwai mahaifinmu ya je ya ga wanda ke riƙe da ofishin a lokacin, suka yi maganarsu. Dukansu yanzu sun riga mu gidan gaskiya. A wancan zamanin, a ƙauyukanmu na wajen Jajaye, ba wanda ke kallon wannan a matsayin sata. Maigadi ya mutu, ɗansa ya ɗauki sanda da tocila ya ci gaba, ba a taɓa takarda ba. In aka kai rahoton mutuwa, gurbin ya tafi ke nan, wani za a kawo daga wani wuri.

Baba ya kira ni zaure ya ce, "Ranar Litinin ka sa rigarsa ka tafi. In an ce Sani, ka ce na'am."

Na ce, "Baba, in aka gane fa?"

Ya ce, "Wa zai gane? Gwamnati ta san fuskar masinja ne? Albashin nan shi zai ciyar da marainiyar nan, ko kai za ka ciyar da ita da fartanya?"

Ranar farko aka kai ni wurin Malam Garba, mai kula da ɗakin fayil. Ya leƙo ni ta saman tabarau, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sani, ka rame. Ka kuma yi gajarta." Bai ƙara komai a kai ba. Ya jawo aljihun tebur ya fito da kayan aiki ya jera min: jan biro, abin huda takarda, igiyar fayil mai ƙarfe a baki biyu, tsumman kakkaɓe ƙura, da littafin sa hannu. Ya ce duk takardar da ta shiga fayil a huda ta a kusurwar hagu, a zura mata igiya, a ba ta lamba da jan biro a kusurwar dama. Ɗaya, biyu, uku, ba tsallake. Ya ce, "Ana ƙara wa fayil, ba a rage masa. Ko takardar da aka zage ka ce a ciki, ka huda ta ka ba ta lamba. Ranar da na ga ka cire shafi, ranar za ka koma wurin babanka."

Ku da kuke ganin aikin sauƙi, ku je ku riƙe ɗaki ɗaya mai fayil ɗin mutum ɗaruruwa damina guda. Gara na bi ta ƙasa, ɓera na bi ta sama, rufi na yoyo. Ƙafafun kanta sai mun ɗora su a kan bulo mun shafa musu baƙin mai. Da aka raba Rogo da Karaye, tsofaffin takardu da yawa suka zauna can, mu muna nan, saboda haka na yi shekaru ina kai da kawowa a keke, fayil a cikin leda, leda a cikin buhu, buhu ɗaure da roba. Daga baya aka ba ni babur. A kansa na faɗi wata rana hanya ta yi santsi, haƙorana huɗu na gaba suka zauna a wurin. Fayil ko ɗaya bai jiƙe ba. Abin da Malam Garba ya fara tambaya ke nan kafin ya ce min sannu.

Turancin ofis kuwa ba a aji na koye shi ba, a fuskar mutane na koye shi. Ina miƙa ambulan, in tsaya in ga abin da zai yi wa mai shi, in dawo in tambayi Malam Garba sunan abin. Afoyinmen ita ce takardar ɗaukar aiki ta farko, ita ce shafi na ɗaya, in babu ita babu kai. Kanfameshin ita ce wadda ke cewa an tabbatar da kai, ka zama ɗan gida. Furomoshin ƙarin girma. Waɗannan ukun masinja na son kai su. Wani malamin makaranta a Ruwan Bago da na kai wa tasa ya rungume ni a gaban ɗalibai, ya haɗa ni da kwano biyu na gyaɗa.

Akwai kuma waɗanda ba a yi maka sannu da zuwa. Kweri ta farko da na kai, wato takardar tuhuma, wani direba na kai wa. Ban san kan aiki ba, na miƙa masa ambulan kafin littafi. Ya buɗe, wani ya karanta masa, ya wurgo min ita ya ce, "Ban gan ka ba, ba ka gan ni ba. In ka isa ka sa ni in sa hannu." Na dawo da littafi babu sa hannu, ni aka yi wa faɗa. Tun ranar na koyi cewa littafi ake fara miƙawa, ana murmushi, ana tambayar iyali, sai ya sa hannu sannan ambulan ta fito daga aljihu. Bayan kweri akwai sasfenshin, a ce zauna gida tukuna. Bayanta akwai dismis, wato kora gaba ɗaya. Malam Garba ya ce in riƙe bambancin dismis da ritaya da kyau. Mai ritaya yana fita da garatuti, kuɗin sallama a dunƙule, sannan fansho duk wata har ya mutu. Mai dismis yana fita da takalminsa.

Fanshon nan ma ba kyauta ba ce. Da aka zo da tsarin da ake yankar wani abu a albashi kowane wata ana zubawa a asusun fansho, kalmar da ke kan takardar albashi ita ce didakshin. Ni ake yanka, ni na bi rana na faɗi a babur, amma abin da ake tarawa da sunan Sani ake tara shi.

Wata rana Malam Garba ya tafi ta'aziyya, na ɗauko fayil ɗina na buɗe. Shafi na uku fom ne da Sani ya cike da hannunsa. A layin da suka rubuta nes-ob-kin, wato wanda za a nema in mutum ya mutu, ya sa Hauwa, tana da wata biyu a duniya. A saman fom ɗin ga hotonsa an danne da sitefila, an buga hatimi rabi a kan hoton rabi a kan takarda. Shi kaɗai na sani ya taɓa yin dariya a hoton gwamnati. Ga wushiryarsa a fili, ga dogon wuya. Ni ba ni da ko ɗaya. Na rufe na mayar. Ba da daɗewa ba wata takarda ta zo daga sama, aka karanta mana laifuffukan da ke jawo dismis, na ji wata doguwar kalma, imfasoneshin. Na tambayi Malam Garba. Bai ɗago kai ba ya ce, "Sojan gona. Wannan ba kora kaɗai ba ce, har da 'yan sanda, kuma a ce ka dawo da duk abin da ka taɓa karɓa." Ban sake tambayarsa wata kalma ba a wannan makon.

Shekarar da ta fi kowace muni ta zo saura min shekara uku in yi ritaya. Malam Garba ya daɗe da barin aiki, ɗakin fayil yana hannuna. Aka ce za a zo barifikeshin, tantance ma'aikata, ana neman gos-woka, wato sunan da ke karɓar albashi amma babu mutum a bayansa. Ni nawa a juye yake, ga mutum yana aiki, mai sunan ne babu. Kwamiti ya zo daga Kano, wata Hajiya ce ke shugabanta, da wani saurayi mai kwamfuta da na'urar ɗaukar zanen yatsa. Kowa zai zauna a gabansu, fayil ɗinsa a buɗe. Ni ne ke ɗauko fayil ɗin ina ajiye musu.

Ranar Litinin aka kira Tanko, maigadi, mutumin Ruwan Bago. Shekara ashirin muna cin abinci kwano ɗaya da shi, mutum ne mai barkwanci, ya shiga yana ce wa saurayin kada na'urar ta ja masa wuta. Ashe shekarun baya wani ya ba shi shawara, aka karɓi fayil ɗinsa da sunan za a duba wani abu, aka kankare shekarar haihuwarsa da reza aka gyara, don ya ƙara shekara uku a aiki. Hajiya ba ta ko kalli fuskarsa ba. Shafin ta ɗaga saitin taga, haske ya ratsa wurin da takardar ta yi siriri. Ta ce da saurayin, "Rubuta, oltareshin."

Tanko ya ce, "Ranki ya daɗe, me ke nan?"

Ta ce, "An taɓa takardar nan, Malam Tanko."

Ya ce, "Hajiya, wallahi ni ko sunana ban iya rubutawa ba."

Ta ce, "Na yarda. Amma ka san wanda ya iya."

Nan take aka tsayar da albashinsa, aka ce sauran bayani zai biyo baya. Duk wanda ke wurin ya san bayanin. Na same shi a gindin dalbejiya ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ce, "Tanko, sai haƙuri." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ni shekara uku na ɗauka. Kai fa, Iliya?" Tun da na fara aiki ba wanda ya taɓa kirana da wannan sunan a cikin harabar nan. Na waiga, akwai mutane a layi ba nisa. Ya ce, "Je ka, ba a bakina za a ji ba. Amma ranar Alhamis ku ne, kuma ni na san Sani, na san haƙoransa."

Ranar Laraba da azahar kowa ya tafi masallaci, na kulle kaina a ɗakin fayil. Ina da sabon hotona a aljihu. Na buɗe shafi na uku, na sa farcen babban yatsa a ƙarƙashin ƙarfen sitefila. Ya yi tsatsa, da na ɗan taɓa sai na ji zai karye. Minti ɗaya ya ishe ni. Mabuɗi a hannuna yake, ba mai gani. Na daɗe a haka har na ji an sallame salla. Na rufe fayil ɗin, na yi tawa sallar ni kaɗai, ana yin la'asar na hau babur sai Karaye.

Na tarar da Malam Garba a ƙofar gida a kan buzu, ido ya kusa tafiya gaba ɗaya. Na yi sallama na durƙusa. Ya ce, "Wa nake ji? Sani ne ko ƙaninsa?"

Na ce, "Malam, yau dai ƙanin ne."

Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, ya tambayi ko har yanzu rufin ɗakin yana yoyo ta gabas. Sai da ya gama na faɗa masa abin da ya kawo ni, har da hoton da ke aljihuna.

Ya ce, "Ka cire?"

Na ce, "Ban cire ba tukuna."

Ya ce, "To ashe ban yi asarar jan birona ba. Zo nan kusa. In ka cire, me zai rage a wurin?"

Na ce, "Ramin sitefila."

"Rami biyu masu tsatsa, da rabin hatimi da ba shi da ɗan'uwa, da sabon hoto mai ƙyalli a kan takardar da ta girmi yaron da ke riƙe da kwamfutar. Kai sakarai ne? Mutanen nan ba fuska suka zo gani ba. Wa ke kama da hotonsa na shekara talatin? Ni da ka gani, a nawa hoton har gashi gare ni. Wurin da aka taɓa suke nema, shi aka koya musu. Tanko ba shekarunsa suka kama shi ba, reza ce."

Na ce, "Wushiryar fa, Malam?"

Ya yi dariya har da tari. "Buɗe bakinka su nema. Kai da ka zubar da ƙofar gaba ɗaya a hanyar nan?" Sannan ya daina dariya ya ce, "Ban ce za ka tsira ba. Na ce kada ka taɓa. In Allah ya tona, ka tafi da fayil mai tsabta."

Ranar Alhamis ni na ɗauko fayil ɗina da hannuna na ajiye a gaban Hajiya, na zagaya na zauna a kujerar da Tanko ya zauna. Ta ce suna, na ce Sani. Ta tambayi shekarar afoyinmen, na faɗa, na haddace ta fiye da ranar aurena. Ta ce, "Nes-ob-kin?" Na ce Hauwa. Ta ce mece ce ɗinka, na ce 'yata. Wannan amsar kaɗai ce na ba da ba tare da na ji ƙarya nake yi ba. Ta shiga bin lambobin jan biro da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga wasu saitin taga. Ta zo shafi na uku. Saurayin ya leƙo ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kai! Baba, ashe da ɗan gaye ne! Hajiya dubi murmushi. Baba, ina wushiryar ta tafi?"

Na buɗe baki na nuna masa. Na ce, "Hanyar Karaye ta karɓa, yallaɓai, da fayil ɗinku a bayana."

Ya ce, "Allah sarki, sannu Baba."

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta sake duban hoton. Ta shafa ƙarfen sitefilar da yatsa, tsatsa ta ɓata mata hannu, ta goge da hankici. Ta ce, "Wa ke kula da fayilolin nan?" Aka ce ai shi ne. Ta ce, "Tun Litinin ban ga lamba ɗaya da ta tsallake ba. Kawo yatsanka."

Na ɗora babban yatsa a kan gilashin, wuta ta yi kore. Daga ranar zanen yatsana ya zama na Sani a cikin kwamfutar gwamnati, kuma ba mai iya raba su. Na fito na wuce Tanko ba ya nan, ya riga ya koma ƙauye. Takardarsa ta ƙarshe da ta fito bayan wata biyu ni na kai masa. Ban fara miƙa masa littafi ba. Ya karɓa ya sa yatsa da kansa, ya ce in gaida mutanen ofis.

Na yi ritaya ranar da Sani ya cika shekara talatin da biyar a aiki. Ina karɓar fansho. Kada ku ɗauka tsoron ya ƙare. Lokaci-lokaci ana kiran 'yan fansho mu je mu nuna muna raye, mu yi layi da tsofaffi, a kira suna, mutum ya ce ga ni, ya sa yatsa. Duk zuwa ina duba layin ko akwai wani ɗan wajenmu mai dogon baki. Duk zuwa ina sa hannu a kan cewa yayana yana da rai.

Bayan sallar layya da ta wuce na sa aka kira min Hauwa. Tana aure a Karaye, 'ya'yanta biyar. Na ce, "Ranar da na mutu, ke za a nema a ofis. Kada ki bari kowa a gidan nan ya ce zai ci gaba da karɓa, ko da wata ɗaya ne. Ki je da wuri ki ce mahaifinki ya rasu. Abin da ya fito, ku zauna da ƙannenki da na haifa a gaban liman."

Ta ce, "Baffa, in suka ce yaushe ya rasu fa?"

Na ce, "Ki ba su ranar tawa. Ya daɗe yana jira a rubuta."

Ta murza bakin mayafi ta ce, "To kai kuma fa, wa zai rubuta ka?"

Na ce, "Ni ba sai an rubuta ba. Ku dai tuna wa liman Iliya ne a cikin likkafanin, kada ya yi wa Sani addu'a karo na biyu ni ya bar ni haka."